Ƙugin Injin da Ke Bayan Muryarsa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ƙagi ji da gani da zukata, ya kuma sanar da mu cewa kowannensu abin tambaya ne ranar gobe. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Masu karatu, assalamu alaikum wa rahmatullah. Da na fara karanta wasiƙar wannan mako, na ɗauka tambayar kasuwa ce ta yi ɓatan kai ta faɗo filinmu. Da na kai tsakiyarta sai na gyara zama. Ga ta kamar yadda ta iso.

Allah ya gafarta Malam, don Allah a taimake ni da shawara, ko da tambayar tawa za ta yi kama da ta yara. Hedifon nake son saya, abin sauraron nan da ake kifawa a kunnuwa, marar igiya, mai kashe hayaniya. Na san ba sana'arka ba ce, amma in ka ji dalili za ka gane abin da ya sa na kawo kukana wajenka.

Maigidana direban babbar mota ne. Bara Allah ya yi masa rasuwa a hanya, a bakin aikinsa. Taya ce ta fashe a gangara, haka aka ce mana. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, ɗinki nake yi muna rufa wa kanmu asiri. Shi bai samu karatu da ƙuruciya ba, tun yana ƙarami yake bin mota. Ni kuwa na yi sauka kafin aure. Sai da girma ya zo masa ya ce kunya yake ji a ce 'yarsa ta fi shi yawan surori. Sai muka yi dabara. In ya tsaya a hanya yana jiran lodi, sai ya karanta abin da na ɗora masa, ya turo mini a saƙon murya, ni kuma in gyara masa. Ba ya kashe motar, wai in ta mutu tayar da ita sai an tara jama'a. Kullum da yadda yake farawa: Malama, ga ɗalibinki mai kan dutse ya kawo hadda, a yi bulala a hankali. Wani lokaci ya yi ta tuntuɓe a aya ɗaya, ya koma, ya sake tuntuɓe, sai ya yi dariya ya ce harshen direba ne, faɗa da masu lodi ya saba. Muna gab da Tabaraka abin ya faru.

Saƙonnin duk suna nan a wayata. Fuskarta ta tsage, bayanta ma da roba na ɗaure shi, amma suna nan. Idan yara sun tafi makaranta sai in zauna a ƙasa tsakanin gado da durowa in manna ta a kunne har kunnen ya yi zafi. A bene muke, ƙasanmu mai walda ne, maƙwabcinmu kuma janaretansa ba ya hutawa. Amma Malam, ba su ne damuwata ba. Damuwata ita ce duk saƙon da na kunna, ƙugin injin yana bayan muryarsa. Motar nan ce dai, ita ce ta kashe shi. Ina jin sa, ina jin ta. Ba ni da muryarsa ko ɗaya ta cikin gida, wa zai ɗauki muryar mijinsa yana cigiyar hularsa? Yanzu ko a zuciyata na so in tuno yadda yake sallama a bakin ƙofa, sai injin ya biyo shi. Tsoro nake ji kada in manta muryarsa ita kaɗai.

Rannan wata da nake yi wa ɗinki ta zo da irin wannan hedifon a wuya, ta ce in gwada. Tana danna wani maɓalli sai janareta ya ɓace, kamar an ɗauke ruwan sama. Kunya ta hana ni kunna saƙonsa a gabanta. Washegari na je shagon da ake sayarwa. Mai shago ya fito mini da iri uku. Mai arahar ya sa mini kiɗa a ciki, sai dukan ganga har cikin haƙorana. Akwai na tsakiya, ban ma tsaya a kansa ba. Mai tsadar ya ce babu ƙarar da ba ya sharewa. Na ce har ta injin mota? Ya ce ai don ita aka yi shi. Kuɗinsa daidai da keken ɗinkina na lantarki, na kuma samu mai sayen keken. Zan koma na ƙafa, gwiwata tana ɗan ciwo, aikin zai ragu, amma zan iya.

Maganar sayar da keken ce ta kai kunnen yayan mijina, Baffan yara. Ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya ce abin da nake yi rashin yarda da ƙaddara ne, mamaci addu'a yake so ba saurare ba, in goge saƙonnin in huta. Mutumin kirki ne, shi ke kai yaran asibiti, amma ranar da ƙyar na iya yi masa sallama. Surukata ba ta ma san da saƙonnin ba, tana da hawan jini, na ɓoye mata. Autata kuwa, da ko wayo ba ta yi ba lokacin da ya rasu, na ji tana tambayar yayarta wane ne a cikin wayar Umma da yake sa ta kuka. Na ce musu wa'azi ne.

To Malam, zunubi nake yi? In ba zunubi ba ne, wanne zan saya wanda zai ba ni muryarsa tas, ba tare da motar ba?

Daga Malamar direba.

'Yata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki ladan haƙuri. Zan fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba, domin gara ki ji shi daga gare ni kekenki yana ɗaki, da ki gano shi da kanki bayan keke ya tafi.

Babu hedifon, komai tsadarsa, da zai raba muryarsa da ƙugin motar. Aikin wannan na'ura shi ne ta danne ƙarar da ke kewaye da ke, kamar janaretan maƙwabcinki. Abin da aka riga aka naɗa a cikin saƙo kuwa, amana ce a wurinta, za ta isar miki da shi yadda yake. Ina da irinta, da ita nake sauraron haddar ɗalibaina saboda gidana a bakin titi yake. Da na karanta wasiƙarki na ɗauko wani karatu da aka naɗa a ƙarƙashin fanka mai ƙara, na gwada. Titi ya yi shiru, fankar kuwa ta ƙara fitowa. Ashe da kin sayi mai tsadar, da motar za ki fi ji. Ba na tuhumar mai shago da ha'inci, ƙila injin da ke kan titi ya ɗauka kina nufi. Saboda haka kada ki sayar da kekenki. Shi ne abincin marayu biyu, kuma an hana mu tozarta dukiya.

Game da zunubi, ki kwantar da hankalinki. Ya tabbata cewa bayan rasuwar Nana Khadija, 'yar'uwarta ta zo neman izinin shiga wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ji irin neman izinin Khadija a muryarta, zuciyarsa ta motsa. Idan murya mai kama da ta masoyi ta motsa mafi haƙurin halitta, wa zai zarge ki don muryar mijinki ta motsa ki? Hawaye ba jayayya da ƙaddara ba ne, matuƙar harshe bai furta abin da Allah yake ƙi ba. A nan Baffan yara ya yi tsanani, kada ki goge komai. Amma kada ki zubar da maganarsa duka. Ya ga matar ƙaninsa za ta sayar da abin sana'arta, da ya yi shiru da shi ne abin zargi. Ya kuma yi gaskiya cewa addu'a ce ke isa kabari. Duk saƙon da kika saurara, ki rufe shi da nema masa gafara, sai ya zama ke kin ji shi, shi ma ya ji ki ta hanyar da take isa.

Kafin ki sayi komai, ki ceci saƙonnin. Dukiyar da ba ta da madadi kin ajiye ta a wayar da roba ke riƙe da ita. A cikin makon nan ki je da amintaccen mutum a kwafe su a memori, a kuma sa wani kwafin a wata wayar da ba a gidanki take kwana ba. An ce akwai masu rage ƙara daga cikin naɗi da kwamfuta, amma sau da yawa sukan tafi da wani abu na muryar, ta fito kamar daga cikin gwangwani. In za ki gwada, a kan kwafi kawai.

Hedifon kuma ban hana ki ba, don mai walda da janareta suna cin rabin abin da kike son ji. Ki tara a hankali daga ɗinkinki ki koma kan na tsakiyar nan da kika tsallake. Ki gwada shi da saƙon maigidanki, ba da kiɗan mai shago ba. Mai dukan ganga ki bar shi, domin irinsa amo mai kauri yake kumburawa, ƙugin injin kuwa amo ne mai kauri. Wanda ke fito da harufan mai magana sarai kike nema, kin kuma fi kowa sanin yadda ɗalibinki yake furta su. Ki sa shi a kan ɗankwalinki ki ɗan jima, ki ji ko yana matse kai. Ki tambayi daɗewar cajinsa, da ko ana samun sauyin soson kunnen in ya ɓare, da ko yana da kafar igiya, don batir mutuwa yake yi. Ki tabbata yana da maɓallin da ke buɗe miki jin waje. Sannan ki yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa za ki iya mayarwa cikin 'yan kwanaki in bai yi ba, shari'a ta ba mai saye wannan dama. Kada ki ƙure ƙara, kada ki sa shi tukunya tana kan wuta ko yara suna ɗaki. Janareta yake dannewa da kyau, amma uwa ba ta caca da kiran 'yarta.

Saura magana biyu da suka fi waɗannan nauyi. Hedifon kunne biyu gare shi, na mutum ɗaya, abin da ke wayarki kuwa ba naki ba ne ke kaɗai. Ba hukuncin rabon gado nake yankewa ba, amma ki dubi yadda Allah ya raba abin da mutum ya bari: mata tana da rabo, 'ya'ya suna da rabo mafi yawa, uwa ma tana da nata. Abin da ya faɗa miki tsakanin miji da mata, ki riƙe shi sirri. Karatun kuwa ki fito da shi. Autarki ba ta da muryar mahaifinta ko da injin ko babu. Ki zaunar da su, ki ajiye wayar a tsakiya, ki gyara maganar da kika yi musu, ki ce Abbanku ne yake koyon Littafin Allah da furfura a gemu. Surukarki kuma kada ki yanke mata hukunci da hawan jininta. Ki sanar da Baffa ya shirya ta, ita ta zaɓa. Ina kyautata zaton ranar da ya ji ƙaninsa yana tuntuɓe a aya yana dariya, ba zai sake cewa a goge ba.

Ta ƙarshe, ita motar. 'Yata, mota ba ta kashe kowa, ajali ne ya iske shi a cikinta, da a kan gadonsa yake ma da ya iske shi. Ki sake sauraron ƙugin nan da wani kunnen. Mutum ne ya yi nisa da gida yana nemo muku halal, ga gajiya, ga injin da ba ya iya kashewa, bai ce sai na samu wuri shiru zan yi karatu ba. Annabi ya yi bushara da lada biyu ga mai karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe yana shan wuya. Da an cire injin, da an cire shaidar wuyar da ya sha. Muryar sallamarsa a bakin ƙofa kuwa ba ta ɓace ba, ki roƙi Allah ya sake jiyar da ke ita a gidan da babu abin jin ƙyama a cikinsa.

Kin ce kuna gab da Tabaraka. Ki ɗora wa 'yarki ta fari daga inda mahaifinta ya tsaya, a yi bulala a hankali.

Allah ya gafarta masa, ya sa Alƙur'anin da ya yi wahala a kansa ya cece shi. Allah ya raya marayunki bisa shiriya, ya sa albarka a allurarki da zarenki, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Mu da masu karatu, Allah ya jiyar da mu alheri, ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.