Kunnen Hagu na Rifkatu

Asabar, 7 ga Disamba, 1974
Da hagu nake rubutu, dama tana cikin bandeji. Yatsu biyu sun yi ritaya ba fansho. Bindigar marigayi yaya Iliya, wadda ya dawo da ita daga yaƙi, ta fashe a hannuna ina gwada ta a bayan gidanmu. Naman Kirsimeti nake so daga dajin Rigachikun. Harsashi ba ya samuwa, sai Kefas, tsohon soja, ya koya mini sake ɗura tsofaffin kwanso. Ya ba ni ɗan ma'aunin albarushinsa na tagulla, ya ce, “Ɗanjuma, a shafe bakinsa, kada ka ƙara ko ƙwaya.” Ni kuwa ɗan mai sayar da gero, tun da nake ban taɓa ganin awo ba gyara ba. Na ƙara wa albarushi gyara. Aji huɗu na yi, ga shi ya nuna.
Rifkatu, 'yata, tana tsaye kusa da ni da kofin ruwa.

Litinin, 9
Ba ta da ko ƙwarzane. Na yi ta ba masu dubiya dariya, wai yanzu takwas nake ƙirgawa. Ita ba ta yi dariya ba. Sai juyo da kai take yi kamar kaza.

Alhamis, 12
Likita ya ce kunnenta na hagu ya tafi.

Lahadi, 15
Uwarta Mariya ta ce tsohon ƙarfe ne, Allah ya tsare. Na ce haka ne, Maman Rifkatu. Kefas ya zo, ya ɗauki harsashi ɗaya cikin sauran, ya girgiza shi a kunne, ya dube ni. Ya ajiye shi, ya tashi. Bai sha kunun da aka kawo masa ba.

Lahadi, 22
Shekara uku Rifkatu tana jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa ta majami'armu ta Malali. Yau ta ɗauko baiti, muryar ta bi wata hanya, ita ba ta sani ba. Malamin waƙa ya mayar da ita layin baya, a hankali dai. Da muka dawo ta ce, “Baba, kada ka damu, ai ba laifinka ba ne, bindigar ce.” Na ce ina zuwa, na shiga bayan gida na daɗe.

Laraba, 25
An ci kaza. Haka dai aka ce, ni ban ji ɗanɗanonta ba.

Asabar, 4 ga Janairu, 1975
Na ba Kefas sauran harsasan ya kwance, bindigar kuma tana ƙasan kogi. Da la'asar Rifkatu tana tsintar shinkafa, na zauna kusa da ita na faɗa mata duka: ma'aunin, gyaran, ƙaryar. Ban saka wasa ko ɗaya ba, ni da kaina na yi mamaki. Ta ci gaba da tsinta. Can ta juyo ta ce, “Baba, magana kake yi?”
Ta hagunta na zauna. Kuma ina sane na zauna a nan.
Na ce a'a, tsakuwa na gani.
Saura kunnen dama. Gobe bayan sujada, in ƙafata ta yarda ta zagaya.