Sunayen da Ke Cikin Waƙar Sallau

Kaduna, Fabrairu 1980

Zuwa ga kawuna kuma maigidana, Sallau makaɗin noma, Dosara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Taiba da yara da dukan mutanen gida. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kawu, alfarma nake roƙo. A wani biki a Tudun Wada na rera waƙarka, "Ruwa Ya Ci Fadama", wadda ka yi shekarar da dam ɗin Bakolori ya haɗiye gonakinmu. Mutanen Mafara da ke wurin har da masu share hawaye. Wani Alhaji Hashimu mai kamfanin faifai ya ji, ya kai ni ɗakin ɗaukar murya, muka yi gwaji, aka naɗa a tef. Garaya kawai na ƙara a kan ganga. Ban taɓa kalma ko ɗaya ba. Duk manoman da ka yi wa kirari suna ciki, kowa da sunan ubansa da ƙauyensa.

Alhaji ya ce ba zai fitar ba sai mai waƙa ya yarda, ya dangwala yatsa a takarda. Ni ma ko bai faɗa ba, ba zan kai waƙarka kasuwa ba da izininka ba, don kai ka ɗora mini ganga a kafaɗa.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Jafaru

*

Dosara, Maris 1980

Jafaru,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarka, muna lahiya, innarka na gaishe ka. Malam Barau na firamare ne ka rubuta mini wanga.

Na yi murna da muryarka ta kai inda tawa ba ta kai ba. Amma ka dakata. Waƙar da ka sani ba ita ce a nan yanzu ba. Ni don gwarzayen noma na yi ta, in tuna musu da sun taɓa riƙe fadama. To, tun da manoma sunka tare hanyoyin dam a kan diyyar gonaki, ita suke rerawa a bakin shinge. Bawa na Jatau, da Gidaɗo Dogo, da Nagode na Janbako, waɗanda na wasa cikin waƙar, su ne tsaye a gaba. In an zo kan sunan mutum sai taro ya ɗauki sowa.

Ranar kasuwar Mafara wasu mutum biyu masu takalmin fata sunka tsaida ni wajen mahauta. Ɗayan ya ce, "Kai ne Sallau? An ce kana da waƙa mai daɗi. Ɗan maimaita mana sunayen nan sannu-sannu." Na ce makogwarona na ciwo. Ya yi dariya, ya ce za su zo in na warke.

Waƙar da ke bakina, in an matsa ni ina iya cewa na manta. Wadda ke cikin faifai fa? Ka ce wa Alhajinka ban yarda ba tukun.

Allah shi tsare ka.
Kawunka, Sallau

*

Kaduna, Mayu 1980

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka gafarta mini gajeruwar gaisuwa. Direbobin Gusau sun cika tasha da labarin abin da ya faru a bakin dam, wai an buɗe wa manoma wuta, wai har cikin gidaje. Kowa da yadda yake faɗa. Kullum ina tasha ina tambayar ko wa ya ga Sallau makaɗi, babu wanda ya ba ni amsa. Wani ya dube ni ya ce in rage kiran sunan nan da ƙarfi.

Ga wani abin tsoro kuma. Na gaya wa Alhaji Hashimu ka ce a dakata. Ya ce tsofaffi haka suke, sai an je gabansu. Tun kafin labarin nan ya iso ya tura yaronsa Ɗan Juma da mota da takardar, ya zo ya lallashe ka. Na roƙe shi ya aika a tsayar da shi, ya ce ya riga ya yi nisa.

Na ba Gajere direba wannan takarda hannu da hannu, ban yarda da gidan waya ba. Don Allah ko kalma ɗaya, in san kana numfashi.

Ɗanka, Jafaru

*

Dosara, Mayu 1980

Ɗana Jafaru,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ce innarka Taiba. Na buɗe takardarka don kawunka ba shi gida.

Yana da rai, ka kwantar da hankalinka gwargwado. Ranar nan da gangarsa ya tafi bakin dam. Harsashi ya same shi a cinya, wasu bayin Allah sunka ɗauko shi bisa jaki. Asibiti ba ta zuwuwa, don an ce duk mai rauni irin wannan tambayarsa ake yi. Yana wajen 'yan uwa ta gefen Bakura. Ba zan faɗi gidan ba.

Bawa na Jatau ya rasu. Gidaɗo Dogo ya rasu, shi da ƙanensa. Nagode an kama shi. Sauran sun watse cikin dangi, matansu na nan ba mai barci.

Ana cikin haka sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi. Wani mai tabarau ya fito da takarda a hannu, yana tambaya da ƙarfi, "Ina gidan Sallau mai waƙar dam?" Jafaru, kafin ya rufe baki unguwa ta zama kango. Lantana matar Nagode, da ta fake a unguwarmu, ta tsallake danga da tsohon ciki, ta faɗi, tun ranar take zubar da jini. Ni na fito, na ce masa Sallau ya mutu. Sai ya ce, "Ayya! To ke matarsa ce? Ke ma in kin dangwala ya isa." A nan na gane ba kamu ya zo yi ba. Na ce masa ya bar garin nan tun mutane ba su gane shi ba.

Yanzu ga ni na ce mijina ya mutu, an fara zuwa mini gaisuwa, ina karɓa. Tsoro nake ji kada bakina ya zama gaskiya.

Abin nan da kunka naɗa, ina yake? Wa ke riƙe da shi? Mutum nawa sunka saurara?

Innarka, Taiba

*

Kaduna, Yuni 1980

Inna,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba Kawu da Lantana lafiya. Na karanta takardarki na kasa cin abinci.

Ɗan Juma ya dawo ya ce mai waƙa ya rasu. Alhaji ya ce to ai shi ke nan, waƙa ta zama ta kowa, kuma yanzu ne za ta karɓu. Na durƙusa a ofishinsa na ce, "Alhaji, mutanen da ke ciki nemansu ake yi." Na faɗa masa zancen Lantana. Sai ya buɗe kabad ya miƙo mini tef ɗin, ya ce, "Ba da ni za a kashe kowa ba. In ka samo izinin da za ka iya rantsuwa a kai, ka dawo." Ya tabbatar mini babu wani kwafi. Mu uku kaɗai muka taɓa ji, ni da shi da wanda ya naɗa.

Yana cikin tukunya a ɗakina. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in leƙa ta taga. Na kunna ashana zan ƙone shi, na kasa, don sunan Bawa da Gidaɗo na ciki, kuma ban ji an ambace su a rediyo ba ko sau ɗaya. Ki kai wa Kawu maganar nan. Abin da ya ce shi zan yi.

Ɗanki, Jafaru

*

Yuni 1980

Jafaru,

Salamu alaikum. Innarka ta zo, an karanta mini. Zazzaɓi bai bari in yi dogon zance.

Ƙone wancan tef ɗin yau. Ka koma ka naɗi sabo, na yarda, ga yatsana a ƙasan takardar ga, ka kai wa Alhaji.

Duk wanda ke da rai, cire sunansa, ka bar ganga ta yi magana a gurbin. Waɗanda sunka rasu ka kira su da ƙarfi, da ubanninsu da ƙauyukansu. Babu mai iya kama su kuma.

Akwai baitin ƙarshe, inda nake cewa "ni Sallau na Dosara". Shi kada ka naɗa tukun, kada kuma ka cire. Cinyar ta kumbura har gwiwa, ta fara wari. Ka jira takardar innarka, ita za ta gaya maka.

Allah shi yi maka albarka.
Kawunka