Muryar da ke Waƙa ta Shida

Belo Horizonte,
9 ga Maris, 1997.

Abokina Juracy,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya mahaifiyarka Dona Zulmira da ciwon gwiwa? Ya shanu da aikin cuku? Ya kuma maƙogwaron? Ka ce in daina tambaya, to ga shi na tambaya.

Faifan ya fito ranar Litinin. Shekara goma sha ɗaya ina buga ganga a bayanka, yau ga faifan ƙungiyarmu babu sunanka a jiki. Masoya sun rabu biyu. Wasu na cewa Nivaldo, bakaniken da ya maye gurbinka, ya iya. Sauran na cewa mai rera waƙa tsaf-tsaf kamar a coci ba shi da wuri a kiɗan metal, su gurnaninka suka saba. Yawancinsu sun yarda korarka muka yi. Ban musa ba, tunda ka rantsar da mu kada kowa ya ji cewa muryar ce ta mutu.

Wadda ta fi shan zagi ita ce waƙa ta shida, ta ƙarshen da ka ɗauka kafin a yi maka aikin maƙogwaro. Kai ka dage sai an sa ta, kai kuma ka hana a rubuta sunanka. Yanzu kowa ya ɗauka Nivaldo ne yake kwaikwayonka ya kasa. Onofre mai kantin faifai ya ce mini, "Dema, don Allah ku ce wa bakaniken nan ya bar gurnani. Wannan ai akuya aka shaƙe!" Na ce masa zan isar da saƙo, ga shi kuwa na isar.

Ka gaida kowa.

Naka,
Valdemar

Belo Horizonte,
20 ga Afrilu, 1997.

Juracy,

Gaisuwa da fatan alheri. Cuku ya iso, uwargida Marlene tana godiya, yara sun kusa cinye shi a rana ɗaya. Na juya kwalin sau biyu ban ga wasiƙa ba.

Ranar Asabar da la'asar muka yi wasa a Contagem. Ka san al'adar mutanenmu, ba sa jifa, ba sa tafiya. Nivaldo na kama makirufo layukan gaba suka juya mana baya, suka harɗe hannu. Tambarinmu da ke ɗinke a bayan rigunansu duk sun farke shi sun mayar da kansa ƙasa, shi muka yi ta kallo awa ɗaya da rabi. Tsakanin waƙa da waƙa sai su hau kukan akuya suna ihu, "Ta shida! Ta shida!"

Nivaldo ya rera komai daidai, ko sau ɗaya bai kuskure ba. Da muna loda kaya a mota ya ce, "Dema, garejin da na bari shekara goma sha huɗu nake a cikinsa. 'Yata ta dawo daga makaranta jiya, wai ana ce mata 'yar akuya. Ni ba ni na yi rantsuwar nan ba, amma ban faɗa wa kowa ba. Har yaushe?" Na ce zan rubuto maka. Ya ce, "Kura da shan bugu ke nan." Bai ƙarasa ba, ya ɗauki akwatin lasifika ya wuce.

Ba na ganin laifinka da ka ƙi a ji tausayinka. Amma mutumin nan bai yi maka komai ba. Layi biyu sun isa, ka aika gidan rediyo ka ce muryarka ce. In ka yi shiru har ƙarshen wata, ni zan faɗa. Na gaya maka tun yanzu don kada ka ce na ci amanarka a ɓoye.

Ka gaida Dona Zulmira.

Naka,
Valdemar

Belo Horizonte,
18 ga Mayu, 1997.

Juracy,

Ina gaisuwa, ko da ba za a amsa ba. Mahaifiyarka ta gaya wa Marlene ta waya cewa ka ji shirin, ka kashe rediyon, ka fita wajen shanu. Lafiyarka ƙalau, in ji ta, wannan ya ishe ni.

Na je gidan rediyon na faɗa a fili. Na ce ba mu kore ka ba, ciwo ne, kuma waƙa ta shida muryarka ce.

Ga abin da ya biyo baya. Cikin kwana uku faifan ya ƙare a kantuna. Waƙa ta shida yanzu ita ce fitacciya, wai ana jin azabar gaske a cikinta. Onofre ya tare ni a hanya, ko kunya babu, ya ce, "Ni fa tun farko jikina ya ba ni! Bakanike ai ba zai iya irin wannan ba." Ranar Lahadi suka sake juya wa Nivaldo baya, wannan karon don ba shi ne ya rera ta ba.

Ya koma gareji ranar Talata. Na je na same shi a ƙarƙashin wata bas, ya miƙo mini gwiwar hannu don tafinsa duk baƙin mai ne. Ya ce babu komai. Na karya rantsuwa don in ceci mutum, ban cece shi ba, kai kuma na rasa ka. Abin yana yi mini zafi.

Saura magana ɗaya. Masoya sun mayar da tambarin daidai a rigunansu, suna tara sa hannu, sun haura mutum dubu biyu. Suna so ka dawo ka rera musu ta shida a kan dandamali, wai aikin likita ai warkewa yake yi. Takardar tana cikin ambulan ɗin nan. Ban gaya musu cewa in kana son ruwa yanzu, tebur kake ƙwanƙwasa wa mahaifiyarka ba.

Ka huta lafiya.

Abokinka har yanzu,
Valdemar