Keken da na sauke daga rufin zauren Baba

Daga Admin: Wani ɗan'uwa ne ya turo daga Zongon Kwatano, ya roƙa a ɓoye sunansa. A ba shi shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf. Don Allah ku ba ni shawara. Amma kafin in fara ina so ku san cewa rabin abin da zan rubuta ya faru ne ina ɗan firamare, kuma na lura tunanin mutum yakan haɗa rana biyu ya mai da su ɗaya, ko ya ɗauki labarin da aka ba shi ya ce da idonsa ya gani. Duk inda kuka ga na ce "ina jin" ko "kamar", iyakar sanina ke nan, ba ɓoye wani abu nake yi ba.

Mu 'yan Zongo ne tun kakanni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai masauki ne, fataken da ke zuwa daga Najeriya a gidanmu suke sauka, ya ba su ɗaki, ya haɗa su da masu saye a kasuwa, in za su koma gida su bar masa abin da ba za su iya ɗauka ba. Ni ban san wannan harka sosai ba, domin ina gama firamare aka kai ni wurin kawuna a Porto-Novo saboda karatu, sai hutu nake zuwa, daga nan jami'a, yanzu ina aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Ganhi. Yayana ne ya zauna da Baba, yana harkar motocin kaya, har gobe Akawu yake kirana.

A zauren gidanmu akwai wani tsohon keke baƙi, irin na Ingila mai birkin sanda, an rataye shi da igiya a jikin katakon rufi. Bayan rasuwar Baba dattawa sun zo sun raba gado, ba wanda ya yi maganarsa, ni kuma na ɗauka don ya zama tarkace ne. Daminar bara rufin ya fara yoyo, da masu gyara suka zo sai na ce su sauko mini da shi. Na tambayi Yaya ko zan iya ɗauka in gyara, ya yi dariya ya ce, "Ɗauki mana Akawu, in ka tashi wannan gawar sai mu buɗe maka asibiti."

Dalilin da ya sa nake son keken shi ne wata safiya guda. Lokacin da aka gama babban taron ƙasa aka koma siyasar jam'iyyu, ranar zaɓen farko, ina jin Baba ya ɗora ni a sandar gaban keke ya tafi da ni makarantar da ake jefa ƙuri'a. Na tuna haɓarsa tana taɓa tsakar kaina, na tuna ƙamshin turaren rigarsa, na tuna ya bar ni ina kaɗa ƙararrawa mutane suna kaucewa suna gaishe shi, ƙararrawar tana da wata 'yar shaƙaƙƙiyar murya kamar mai mura. Baba ba mutum ne mai wasa da yara ba. Iyakar abin da zan iya tunawa, wannan ce kaɗai ranar da na zauna a jikinsa.

To na shiga aiki. Duk wanda ya san Kwatano ya san abin da iskar teku take yi wa ƙarfe. Na kwance shi gaba ɗaya a tsakar gida, na jiƙa kusoshi da ƙananan ƙarafa a kananzir, in na taso daga aiki in zauna da sanfefa ina kankare tsatsa, ranar Lahadi kuma in wuni a kansa ina kallon bidiyon masu irin wannan gyara a waya. Gangar jikin keken lafiya lau take, amma gargaren ƙafafun duka biyu tsatsa ta cinye su, da yatsa ma kana iya huda su. Su da tayoyin da tsohon sirdin na ba masu sayen tsohon ƙarfe. Na sayo sababbin ƙafafu, na canza sarƙa da boris, robar birki sai a wurin wani bakanike a unguwar Agontinkon na samu bayan yawo mai yawa, sirdi kuma wani ɗan kasuwar Misebo ya taho mini da shi daga Legas. Akwai wata 'yar lotsawa a sandar gaba, mai walda ya cike ta, aka yi sabon fenti baƙi. Ƙararrawar na buɗe ta na wanke na sa mata mai. Akwai kuma wani ƙyalle shuɗi da aka ɗaure tam a ƙarƙashin sirdi, ya bushe ya yi tauri kamar fata, na ɗauka wani ne ya taɓa goge hannu ya manta, na sa reza na yanke shi na jefa a shara. Ban ko tsaya na dube shi da kyau ba.

Na gama haɗa shi ana gobe sunan ɗan da matar Yaya ta haifa. Na jingine shi a zaure, na ce sai an watse taro in hau. Ranar ce Goggo ta iso daga garin Jugu, ƙanwar Baba ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, Babana take ce mini saboda sunan mahaifinsu aka sa mini. Tana shigowa zaure ba keken ta fara duba ba, sama ta duba, inda igiyoyin ke lilo ba komai. Ta daɗe a tsaye da jakarta a hannu, sannan ta ce, "Babana, wa ya sauke ajiyar mutumin Jega?" Na ce wace ajiya Goggo, keken Baba ne na gyara. Ta ce, "Ubanka bai taɓa mallakar keke ba. Kai da ka yi karatu har ka ƙure, ba wanda ya gaya maka abin da ke sama a zauren nan ba na gida ba ne?"

A nan ta bayyana mini abin da ban taɓa ji ba. Wai ƙa'idar gidanmu tun zamanin kakanmu, kayan gida a ƙasa suke zama, kayan amana a rataye su a rufi don kada ma wani ya yi kuskuren taɓawa. Ba a rubuta komai, mai kaya zai yagi ƙyalle daga rawaninsa ko rigarsa ya raba biyu, ya ɗaura rabi a jikin kayan ya tafi da rabi, duk wanda ya zo da ɗaya rabin, ko ɗansa ne ko jikansa, shi za a ba. Ta ce wani mai sayar da yadi a Misebo, mutumin Jega, shi ya bar keken a shekarun da bankuna suka durƙushe mutane suka koma ajiya a hannun mutane, ya ce zai je ganin gida ya dawo bayan salla, bai dawo ba. Sunansa ya ɓace mata. Ta ce dattawan da suka raba gado sun san haka, shi ya sa ba su sa shi cikin rabo ba. Ta tambaye ni ina ƙyallen. Gaskiya na gaya mata. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai wuce cikin gida, abincin sunan ma ban ga ta ci ba.

Da Yaya ya ji sai abin ya zama rigima. Shi ya tsaya a kan cewa keken Baba ne, da idonsa ya sha ganin Baba a kai, mutumin Jega keken ɗinki ya bari kuma ƙaninsa ya zo ya karɓa tun tuni, tsufa ne ya sa Goggo ta haɗa keke biyu. Ya ce Baba ya rataye shi ne da gwiwa ta fara damunsa, don kada yaran gida su lalata. Abin da ya fi ɓata masa rai, a cewarsa, in Goggo ta ce ajiya ce alhali kowa ya ga Baba yana hawa, to tana cewa ke nan Baba ya hau amanar mutane. Goggo kuma ta ce ai shi ne yake zagin ubansa, domin mutumin da ya shekara talatin yana hawa tsani yana sa wa keken wani mai ba tare da ya taɓa ɗora ƙafa a feda ba, yau ɗansa ke cewa ya gan shi a kai. Ta ce in ma an ga Baba a keke to na wani tela ne maƙwabcinmu da yake ara. Kowannensu sunan Baba yake karewa, kuma yanzu gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice.

Na je wurin Inna, mahaifiyarmu, ta ce ita harkar zaure ba ta taɓa shiga ba, abin da ta sani kawai Baba bai yarda a shanya ko tsumma a jikin keken nan ba. Wannan magana kowa ya ja ta ɓangarensa. Dattawan rabon gado ɗaya ya rasu, ɗaya kuma ko 'ya'yansa ba ya ganewa yanzu. Telan ya daɗe da barin unguwa. Na zaga Misebo ranar Asabar ina tambayar tsofaffin 'yan yadi, wani ya ce ya san mutumin, a hanya ya rasu, wani ya ce a'a Lome ya koma, wani tsoho kuma ya dube ni ya ce, "Ɗana, wane daga ciki? Lokacin nan in ka jefa dutse a layin nan kan mutumin Jega zai faɗa." Na tambayi limaminmu, ya ce in ajiya ce a nemi magada, in an rasa a yi sadaka da shi da sunan mai shi, in kuma gado ne sai in nemi yardar 'yan'uwana, amma wanne ne a ciki, wannan ba a littafi yake ba, a wurinmu yake.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne duk abin da zai iya zama shaida ni na kawar da shi da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya. Ƙyallen ya tafi. Tsohon sirdin da mai shi ko ɗansa zai iya ganewa ya tafi. Ina jin kamar a wata lotsawa na riƙe hannuna a waccan safiyar, amma ban sani ba ko tun da can nake tuna haka ko sai da na gan ta wajen gyara. Na kaɗa ƙararrawar don in ji ko muryar ce, sai ta yi ƙara garau kamar sabuwa, domin na wanke ta.

Yanzu Goggo ta ce ba za ta koma Jugu ba sai an raba gardama, an sa zaman dangi ranar Juma'a bayan masallaci. Kuma dukansu ni suke jira, saboda na taɓa ba su labarin ranar zaɓen. Yaya ya ce, "Akawu, kai aka ɗora a kai, buɗe baki kawai za ka yi." Goggo kuma ta kira ni ɗakinta ta ce, "Babana, ka tuna da kyau, kada son abin hannunka ya sa ka ɗora ubanka a kan kayan mutane." In na ce shi ne, na ƙaryata Goggo a gaban 'ya'yan ɗan'uwanta, kuma ba ni da tabbacin da zan rantse. In na ce ba shi ba ne, na bar Yaya shi kaɗai, na kuma yarda na yanke alamar amanar da Baba ya tsare har ya mutu. In na ce ban sani ba, wanda shi ya fi kusa da gaskiya, kowa zai ce tsoro na ji, rigimar kuma ta ci gaba. Akwai wata hanya da ba wanda ya furta a gidan, ni ma da ƙyar nake rubuta ta, wato Goggo ta yi gaskiya ajiya ce, ni ma na yi gaskiya shi muka hau, Baba ya sauke shi sau ɗaya don ya faranta wa yaro rai.

Keken yana nan a zaure, har yau ban hau ba, na kife shi a kan sirdi da kai don ƙafafunsa kada su taɓa ƙasa, ban san ko hakan yana da wata ma'ana ba amma shi na iya.

Don Allah me zan faɗa ranar Juma'a? In ajiya ce, keken da na canza masa kusan rabi har yanzu shi ne amanar, ko na riga na ɓata ta? In mayar da shi sama haka nan da sabon fentinsa, ko in bayar sadaka alhali wata rana wani zai iya sallama da rabin ƙyalle a hannu? Masu ilimin addini da waɗanda suka tashi a gidajen masauki, ku taimaka mini.

Na san duk da an ɓoye sunana, tsofaffin 'yan Zongo za su gane gidan. Ban damu ba, su nake nema ma. In kun zauna a unguwar a shekarun nan, ko iyayenku sun sauka a wurinmu, ko kuna da dangi a Jega da aka taɓa ce musu akwai keke a Kwatano, ku tura wa Admin abin da kuka sani, ku gyara mini duk inda na kauce, ko a kan ranar, ko a kan telan, ko a kan launin keken. In kun ce ba shi muka hau ba, zan nemi tsani in mayar da shi da kaina. In kuma abin da kuka gani shi ne wancan da na ce ba a furta ba, ku faɗa mini, zan ɗauka, amma ku turo ta wurin Admin a ɓoye, kada ku rubuta a fili, akwai jikokin Goggo a guruf ɗin nan kuma suna karanta mata komai.