A Cire Sunana Daga Takardar Korar Ummu Faisal

Zuwa ga Alhaji Abu Nasir, mai wannan imara, gidan benen nan namu na unguwar Zahir.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina iyali, ya gajiyar aikin Hajji? Na liƙa wasiƙar nan kusa da takardarka a bakin lifta, don duk wanda ya karanta waccan ya karanta wannan.

Albishirinka, Alhaji: jaririyar 'yata ta koma barcin rana, ni ma ina lazimina babu mai katse ni. Sukkar, ɗan farin karen maƙwabciyata Ummu Faisal, ya yi shiru. Alhamdu lillahi.

Na farko. Ni na kai maka ƙara a watan Zulƙida, kuma ban janye ba. Ra'ayina kan ajiye kare a ɗaki kowa ya san shi, na faɗa mata a gabanta. Amma maganin haushi na nema. Sai na wayi gari ka rubuta cewa saboda ƙorafin Ummu Bilal, wato ni, Ummu Faisal ta bar gidan ƙarshen Muharram. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, kunnenta ya yi nauyi. Ita ta yi mini wankan jegon 'ya'yana. Ni za a ce na kore ta? Ba haka aka yi mini tarbiyya ba.

Na biyu. Da ka tambayi dalili, da ka samu. Ɗanta Faisal ya tafi aikin girki a Arfa, babu mai fita da karen. Yana wuni a taga, motocin alhazai na wucewa, shi kuma yana yi wa kowacce faɗa. Labule mai kauri muka sa, rabin hayaniyar ta tafi.

Na uku, kuma nan gizo ke saƙa. Ka san al'adarmu, ba a sauke tukunya ba a miƙa wa maƙwabci kwano ba. Kowa a imarar nan yana tausayin Ummu Faisal, sai kwanuka ke bin juna zuwa ƙofarta. A danna ƙararrawa, Sukkar ya ɗauki haushi, ita kuma don kunya ta buɗe kwanon ta jefa masa tsoka ya yi shiru. Na raini 'ya'ya shida, Alhaji. Yaron da ya yi kuka aka ba shi alewa, gobe da ƙarfi zai yi. Mu da alherinmu muka koya wa karen nan rashin kunya.

Na kafa doka. Ba tsawa, domin in ka ɗaga murya ya ɗauka taya shi kake yi. Ba duka, Allah zai tambaye mu. In ya yi haushi a juya masa baya. In ya zauna ya natsu, sannan a ba shi. Ban taɓa shi da hannuna ba ko sau ɗaya, daga bakin ƙofa nake ba da umarni, kuma wallahi ya fi wasu jikokina saurin ɗaukar karatu. Faisal ya dawo, yana zagayawa da shi in rana ta yi sanyi.

Haushi ɗaya muka bar masa in an danna ƙararrawa, da gangan. Ummu Faisal ba ta jin ƙararrawar, shi ne kunnenta.

Buƙatata biyu ce: ka cire sunana daga takardar nan, sannan ka cire takardar daga bango. Ka zo da kanka ranar Juma'a ka danna ƙararrawar ƙofarta ka ji. Maigidana zai gasa maka tsire irin na mutanen Sakkwato. Amma ka sani, dokata ɗaya ce ga kowa a hawa na uku: sai an yi abin kirki ake samun nama.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya shirya maka zuri'a, ya sa imarar nan ta zama shaida a gare ka ranar gobe.

Wassalam.

Ummu Bilal, hawa na uku.