Usur ɗin Kofur Ya Kori Masu Neman Aure

Zuwa ga Malam Ladan, mai filin shawarwari.

Malam, ka taimake ni don Allah, auren 'yata na neman lalacewa saboda usur. I, usur dai, irin wanda sojoji ke busawa. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya, kuma ina rubutun nan ina dariya ina share hawaye, ni kaina ban san wanne ya fi yawa ba.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Rijau, a gindin dutse. A kan dutsen aka haife mu, sai da zaman lafiya ya samu iyayenmu suka sauko kusa da gonaki. Maigidana tsohon soja ne, kowa Kofur yake ce masa. Ya je yaƙin Bama ya dawo da ƙafafunsa biyu, mun gode Allah, amma ya dawo da usur a wuya da tsoron ruwan dutse a zuciya. Ya ce a can ya ga tudu ya zame da itatuwansa ya binne ƙauye. Da muna ɗauka labarin soja ne kawai, sai daminar bara waccan koramar bayan gidanmu ta sauko da duwatsu, ta kwashe rumbunan maƙwabtanmu da awakinsu. Ba a rasa rai ba, amma tun daga ranar Kofur bai ƙara zama wuri ɗaya ba.

Ya haƙa lambatu ya kewaye gida. Ya share hanya har zuwa wani falalen dutse a sama, ya gina ɗan rumbu a can ya zuba dawa. Ya hana a yi wa akuya ƙulli mai wuyar kwancewa. Sannan ya raba mana kaya: ni goran iri da gishiri, babbar 'yarmu Cecilia ta kwance awaki, ƙannenta su ɗauki kwandon kaji da tabarmi, shi kuma ya goya tsohuwarsa, Iya Fure, wadda ƙafa ta daina ɗauka. In ya busa usur, ko ina tsakiyar tuƙin tuwo sai in yar da muciya in kama hanyar dutse. Fareti yake kiran abin. Mutanen gari har sun sa mana suna bataliyar Kofur. Maƙwabci in ya zo kallo ba ya ba shi ko tsinke ya riƙe, wai fareti na 'yan gida ne. Iya Fure kuwa ba abin da take so kamar faretin nan, tana bayan ɗanta tana waƙa tana cewa ya ƙara sauri. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma nakan ji daɗi in mun kai sama muna haki, iska na kaɗa mu, ga dawarmu kore shar a ƙasa.

To, ga inda matsalar take. Akwai wani yaro Audi, tela ne a Kontagora, ɗan ikilisiyarmu, mai ladabi, da keken ɗinkinsa na kansa. Yana son Cecilia, ita ma in aka ambaci sunansa sai miya ta ƙone. Kwanakin baya manyansa suka zo neman aure, baffansa Malam Dogo ne a gaba. Sunansa Dogo, amma faɗinsa ya fi tsawonsa, ya sha babbar riga fara sabuwa fil. Na yanka musu zakara, an zauna a gindin ɗorawa, an ajiye goro, Malam Dogo ya gama jawabinsa, saura kawai Kofur ya buɗe baki ya ce an ba su. Sai ya ɗaga kai ya ga hadari ya yi baƙi ƙirin a kan dutse, aka kuma yi tsawa.

Malam, sai kawai na ji usur.

Ƙafata ba ta yi shawara da ni ba, sai ganina na yi da goran iri a ka. Awaki suka watse, Kofur ya cafko bunsurunmu mai taurin kai ya danna wa Malam Dogo a ƙirji, ya nuna masa hanyar dutse da muryar bariki. Bawan Allah ya rungumi bunsuru ya bi mu, sauran baƙin suka rufa masa baya da tabarmi. Ashe shi ma Audi yana laɓe bayan danga yana jiran ya ji amsa, usur ya fito da shi fili, ya rasa inda zai sa kansa don kunya, sai ya ɗauki turmi ya bi sahu, turmin da ba wanda ya aike shi.

Muna kaiwa sama hadari ya juya ya yi wajen Zuru. Ko ɗigo bai sauka ba. Rana ta fito, ga mu tsaye cirko-cirko, farar riga ta koma abin da ba zan iya rubutawa ba, ga warin bunsuru. Malam Dogo ya ajiye dabbar a hankali, ya yi mana sallama a taƙaice, suka tafi. Kare ya cinye zakaran. Har yau ba aike, ba saƙo.

Cecilia in ta tuna turmin sai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, can kuma in same ta a bayan rumbu tana kuka. Na ce wa Kofur ya je ya ba da haƙuri, ya ce shi bai yi laifi ba, ran mutane ya ceta. Zuciyata na raya mini in jefa usur ɗin nan a rijiya, in aika Kontagora a ce an daina fareti har abada. Amma in na tuna rumbunan maƙwabta sai jikina ya yi sanyi. Ina son mijina da haukarsa, ina kuma son 'yata ta auri wanda take so. Yaya zan yi?

Ni ce,
Matar Kofur, ƙasar Rijau.

*

Uwargidan Kofur,

Na karanta takardarki na yi dariya har mai shara ya leƙo ofis. Allah ya bar ki da wannan gida naki. Amma rijiya ta ruwan sha ce, ki bar usur a wuyan mai shi.

Mijinki yana da gaskiya a babban abu. Ruwan dutse ba ya jiran a yi ruwa a ƙofar gidanki. Yana iya zuba can sama, ku kuna cikin rana, korama ta iso da duwatsu kafin ki gama ɗaura zani. Wanda ya ga hadari a kan dutse ya hau da iyalinsa bai yi wauta ba, ko da hadarin ya wuce. Lambatun nan, da rumbun sama, da iri a wuri ɗaya, da sanin wanda zai goyi tsohuwa, ina fata kowane mai karatu da ke zaune a gindin dutse ya kwaikwaya. Masu kiranku bataliya, ku gayyace su, falalen dutsen zai ɗauki kowa.

Inda ya gaza guda biyu ne. Na farko, busa iri ɗaya yake yi, ko gwaji ne ko abin gaske. In aka daɗe a haka, wata rana za a ji usur a ce bari a ƙarasa tuwo. Ya riƙa sanar da ranar gwaji tun da safe, ya ware wata busa dabam wadda ba a jinta sai ruwa ya taso. Na biyu, dattijo da ya zo neman aure ba kurtu ba ne. Malam Dogo bai san korama ba, bai san labarin rumbunan maƙwabta ba. Abin da ya sani shi ne ya roƙi 'ya, aka miƙa masa bunsuru. Shirunsa ba ƙiyayya ba ce, jira yake a mayar masa da girmansa, kuma har yanzu ba a ba shi amsa ba.

Kada ki ce wa Kofur ya je ba da haƙuri, tsohon soja zai ji kamar an ce ya miƙa wuya. Ki ce masa ya bar magana a tsakiya, ya je ya ƙarasa ta. Ya sa kakinsa da lambobinsa, ya ɗauki goro da wani dattijon ikilisiya, ya ja bunsurun nan ya kai kyauta, tunda sun riga sun saba. Ke da kanki kin rubuta cewa ba ya ba baƙo ko tsinke a fareti. To, ya gaya wa Malam Dogo haka da bakinsa: bai ɗora masa kaya ba sai da ya riga ya ɗauke shi ɗan gida. Ban san dattijon da zai ji wannan ya ci gaba da fushi ba. In ya je kuma ya duba ɗakin da Audi zai ajiye amarya, ya ga ko yana kan tudu ko a kwari, don hankalinsa ya kwanta. Yaron da ya hau dutse da turmi don kada a ce ya tsaya hannu sake, ku riƙe shi da kyau.

Saura abu ɗaya, wannan naki ne. Na san tsofaffin sojoji, in sun kai inda za su sai sun ƙirga mutanensu. Mijinki ya daɗe yana koya wa gidansa yadda za a tsira ba a bar kowa a baya ba. Faretin farko bayan biki zai ƙirga ya ga babu ɗaya, zai kuma sake ƙirgawa. Ranar nan kada ki yi masa dariya. Ki ajiye goran iri ki tsaya kusa da shi.

Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ba ku damina mai albarka, ya tsare ku da maƙwabtanku.

Naku,
Malam Ladan.