Babana Zai Sake Kai Tawagar Dattawa

Ummu Basil, don Allah ki agaza mini da shawara, kuma ki hanzarta, domin abin da nake gudu ya kusa faruwa. Na san yawancin masu rubuto miki kuka suke kawowa. Ni kuwa nasara ce ta haifo mini matsala, matsalar kuma mahaifina ne, mutumin da na fi ƙauna a duniya.

Ni injiniya ce. A nan Dearborn ta Amurka aka haife ni, iyayena kuwa daga wani ƙauye kusa da Ramallah a Falasɗinu suka zo. 'Yan shekarun baya ni da wasu abokaina muka gaji da ganin abin takaici. Ki shiga gidan mai, ki tarar mai ba ki canji likitan haƙori ne daga Basra. Ki hau tasi, ashe direban gadoji yake ginawa a Halab. Sai muka fara haɗuwa duk Asabar da safe a ɗakin bayan gidan burodin Baba da ke titin Warren, muna zama kan buhunan fulawa. Mu gyara wa mutum takardunsa na neman aiki, mu haɗa shi da wanda ya riga shi shiga sana'ar, mu koya masa intabiyu. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba mu wuya, don kin san mutanenmu. A tambayi mutum abin da ya taɓa yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce ai aikin jama'a ne, Allah ne ya taimaka, wai tsoron kambun baka. Sai mun yi da gaske kafin bakinsa ya iya furta cewa shi ya yi.

Doka ɗaya muka kafa tun farko: mu namu buɗe ƙofa ne, mutum da ƙafarsa zai shiga. Ba alfarma, ba roƙo.

Kuma wallahi abin ya yi albarka fiye da yadda muka zata. Yau ɗakin Baba ya yi mana kaɗan, zaure muke haya. 'Yan Yaman, 'yan Lebanon, 'yan Iraƙi, Musulmi da Kirista, kowa yana zuwa. Wadda ta zo bara neman taimako, bana ita ke zaune a ɗaya gefen teburin tana yi wa sabbi tambayoyi tana hararar su. Idan na tsaya a bakin ƙofa na dubi zauren nan cike, sai in ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye miki ba.

To ga inda Baba ya shigo. Akwai wani bawan Allah mai suna Ghassan, ɗan Jenin, injiniyan gine-gine ne, ya yi shekaru yana tuƙa motar kai kaya don ya ciyar da matarsa da 'ya'yansa. Da ƙyar muka shawo kan wani babban kamfanin gina tituna ya yarda ya riƙa ganin mutanenmu. Shugabar ɗaukar ma'aikatansu, wata Madam Novak, ita ta ba mu dama, Ghassan kuma shi ne na farko da muka tura. Ya yi intabiyu lafiya lau, aka ce ya je ya jira. A hanyarsa ta gida ya tsaya sayen burodi, ya ba Baba labari. Baba ya tambaye shi su wa suka raka shi. Ya ce ba kowa. An ce Baba salati ya yi, ya ce yanzu kamar Ghassan a bar shi ya je neman abu shi kaɗai sai ka ce wanda ba shi da dangi?

Ban san komai ba. Ashe Baba ya kira amininsa Ammi Zuhdi da wasu dattawan masallaci, kowa ya saka kwat ɗinsa na biki, ya yafa kufiyya, wato gyalen mazan Falasɗinawa, suka ɗauki babban tire na kunafa, kayan zaƙin nan namu, suka cika mota sai ofishin kamfanin. Madam Novak ta ɗauka mutanen unguwa ne suka zo ƙorafi kan aikin titi. Ta shigar da su ɗakin taro, ta sa aka kawo musu kofi a kofunan takarda. Kin san yadda muke yi idan an je neman aure ko sulhu: a kawo gahawa, a ajiye ta, ba mai taɓawa sai an biya buƙatar da ta kawo mutane. Haka dattawan nan suka jera kofunan a gabansu suka naɗe hannu. Baiwar Allah ta zaci sukari ne babu, ta aika aka kawo. Shiru. Ta sa aka canza da shayi. Shiru. Sannan Baba ya miƙe, ya gyara kwat, ya faro tun daga kakan Ghassan da gonakinsu na zaitun, ya biyo ta kan mahaifinsa, ya ƙare da cewa, "Ranki ya daɗe, wannan kofi naki ba zai shawu ba sai kin ba mu abin da muka zo nema."

Ta ce musu ba za ta iya yin alkawari ba, amma za a yi wa Ghassan adalci kamar kowa. A wajen Baba, babban mutum ba ya faɗin abin da ya wuce haka idan ya amince. Suka shanye kofin nan da ya riga ya huce, suka shafa fatiha, suka bar wa mai gadi tiren da ta ƙi karɓa, suka fito suna yi wa juna barka.

Da yamma ta kira ni. Ummu Basil, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Dokar kamfaninsu ita ce duk wanda aka kawo kyauta ko aka matsa lamba dominsa, dole a kai rahoto. An ajiye sunan Ghassan gefe, yarjejeniyarmu da su ma an dakatar. Na je na same ta, na yi mata bayanin al'adar tun daga tushe. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce tun da take ba a taɓa neman auren kujerar aiki a hannunta ba, amma dariya ba ta goge doka. Na roƙi abu ɗaya: a sake masa intabiyu gaban wasu mutane daban da ba su san zancen ba, idan ya faɗi ya faɗi. Da ƙyar aka yarda. Ghassan ya rame a kwanakin nan, ko abinci ba ya iya ci. Ya koma, ya yi musu bayani har suka rasa abin tambaya, ya doke duk sauran masu nema. Yau shi ke kula da aikin wata gada, kamfanin ya ɗauki wasu namu bayansa, Madam Novak ma takan leƙo zaurenmu ta ba da shawara. Sai dai ta faɗa mini a fili cewa wannan karon ya wuce a matsayin labarin ban dariya, amma idan aka sake, za a ce halinmu ne, kuma masu ɗaukar ma'aikata a garin nan duk sun san juna.

Baba bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ghassan ya roƙe ni kada in faɗa masa, ya je har shago ya sumbaci kan Baba ya yi godiya. Saboda haka a wajen Baba, tawagarsa ce ta samo aikin. Yana ba da labarin a masallaci, a shago, a gidan biki, kuma kullum dattawan da suka je ƙaruwa suke yi. Har tsokanata yake yi, wai mu 'yan boko sai latse-latsen kwamfuta, shi kuwa zuwa ɗaya ya yi ya gama magana.

Ga abin da ya ɗaure ni. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, Baba ya saki komai. Ya bar wa yayana Marwan gidan burodin, ya koma kan wata kujera bayan kanta, ya wuni yana kallon titi. Mun yi, mun yi, ya ƙi motsi. Yanzu fa? Ya koma aski, yana goge kwat, yana dariya da ƙarfi, mutane na zuwa wajensa da buƙatunsu suna kiransa Abu Marwan, wato uban Marwan. Babana ya dawo, kuma ina jin daɗin haka har cikin raina.

To akwai Lamis, mai haɗa magunguna, 'yar wata bazawara daga kudancin Lebanon. Mun daɗe muna fama tare da ita har ta ci jarrabawar lasisi, yanzu wani babban asibiti ya kira ta intabiyu. Mahaifiyarta ta je gaban Baba da kuka, shi kuma ya buga ƙirji ya ɗauki alkawari. Ya riga ya sa a yi tire wanda ya fi na farko, har yana tambayata sunan shugaban wajen, tunda ni na san su. Lamis ta zo mini a ruɗe, ba ta iya musa wa uwarta, ba ta iya kallon idon Baba ta ce a'a. Marwan ya ce in ba su adireshin da ba shi ba, ko in ce shugaban ya yi tafiya. Mijina ya ce in faɗi gaskiya kawai a huta. Ni kuwa idan na tuna kujerar nan ta bayan kanta sai in kasa. Aikin Lamis ba zan bari ya salwanta ba, wannan na yanke. Amma yaya zan yi in hana tafiyar nan ba tare da na mayar da mahaifina inda na samo shi da ƙyar ba?

'Yar Mai Burodi, Dearborn

*

'Yata, na yi dariya da na karanta wasiƙarki, sannan na share hawaye. Kafin komai, barka. Abin da kuka gina babba ne, kuma yadda kika ceto Ghassan ba tare da kin karya dokarku ba ya nuna kin san abin da kike yi.

Bari in tsaya wa mahaifinki kaɗan. Lokacin da su suka zo ƙasar nan, ba zaure, ba mai gyara takarda. Sabon zuwa, wani ne zai kama hannunsa ya kai shi gaban shugaban leburori a masana'antar mota ya ce wannan nawa ne. Haka aka kai marigayi mijina, haka aka kai rabin titin Warren. Taronku na Asabar daga nan ya samo asali, shi ya sa Abu Marwan ya ba ku ɗaki bai tambayi komai ba. Niyyarsa ɗaya ce da taku, ƙofar da ya ƙwanƙwasa ce ba ta san wannan bugun ba.

Amma kin yi gaskiya, aikin Lamis ba abin da za a lallashi dattijo da shi ba ne. Yarinyar ta sha wuya, kuma bayanta akwai wasu da yawa da sunan ƙungiyarku zai buɗe wa hanya ko ya rufe.

Dabarar Marwan ki watsar da ita. A Dearborn muke, ba abin da ke ɓuya. Ranar da mahaifinki ya ji daga bakin wani cewa 'ya'yansa sun yi masa wayo, ga kuma ainihin labarin Ghassan yana yawo kowa ya sani ban da shi, wannan ranar ce zai koma kujerar, kuma ba zai sake tashi ba. Ki sanar da Ghassan cewa shirun ya ƙare. Sannan ki sami mahaifinki a gida, ku biyu kawai, ba a shago ba, ba gaban Ammi Zuhdi ba. Ki faɗa masa duka: an ajiye sunan, an dakatar da ku, an sake intabiyu. Kada ki rage, kada ki yi dariya.

Kuma kada ki je hannu rabbana, ki je da buƙata ta gaske. Ina da tabbacin akwai ƙofofin da saƙonninku ba sa buɗewa. Namu masu shagunan magani, masu ƙananan asibitoci, 'yan kwangila, waɗanda kike rubuta wa su ba sabbin zuwa gurbin koyon aiki, su ce miki in sha Allah, shi ke nan. Waɗannan sun san ma'anar gahawar da aka ajiye ba a sha ba, kuma ba mai iya barin Abu Marwan ya fita daga ofishinsa da ƙishirwa. Akwai kuma iyayen da 'yarsu ta sami aiki a Chicago suka ce ba inda za ta. Ke ba za su saurare ki ba, shi za su saurara. Wannan aiki ne da ku matasa kuka kasa, don haka ba za ki yi masa ƙarya ba idan kin ce kuna buƙatarsa. Mahaifiyar Lamis kuwa, ki bar shi da kansa ya gaya mata cewa ya sake shawara, yarinya za ta je ita kaɗai. Shi ya ɗauki alkawarin, shi ya kamata ya warware, girmansa yana nan.

Zai ji ciwo, ba zan yaudare ki ba. Wataƙila ya yi faɗa ya ce kun maishe shi abin dariya. Ki bar shi ya yi. Mutumin da ya bar ƙauyensu da jaka ɗaya ya zo ya raine ku a baƙuwar ƙasa ya fi ƙarfin a riƙa lallaɓa shi da ƙarya, kuma idan ya huce zai gane cewa kin ɗauke shi uba mai iya jin gaskiya. Ki je yau, kada ki jira gobe. Idan kin gama magana kada ki tashi ki bar shi shi kaɗai, ki zauna kusa da shi har sai ya ɗago ya dube ki.

Allah ya ba Lamis sa'a, ya ƙara wa zaurenku albarka, ya ja kwanan Abu Marwan cikin lafiya da mutunci.

Ummu Basil